Madugun da Ya Koyi Jagoranci a Kan Benci

 

Yau za mu ɗan huta da gardamar Barcelona da Real Madrid, mu leƙa ƙasar Amurka, inda za mu kawo muku labarin wani matashi mai suna Jalen Hurts. Wasan da yake bugawa baƙo ne ga yawancinmu, amma jarrabawar da ya fuskanta za ta iya samun kowane ɗalibi. Jarrabawar kuwa ita ce: me za ka yi ranar da aka karɓe matsayin da kake ganin naka ne, aka miƙa wa na ƙasa da kai, kuma a gaban jama'a?

Kafin mu shiga labarin, bari mu ɗan yi bayanin wasan. Amurkawa ƙwallon ƙafa suke ce masa, sai dai ya fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake yin mafi yawansa. Kowane ɓangare na da 'yan wasa goma sha ɗaya a fili, sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa. Tsawon filin yadi 100 ne, yadi irin wanda tela ke aunawa. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya matsa gaba yadi goma. In ya iya, a sake ba shi wasu huɗun. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki shida.

A cikin goma sha ɗayan nan akwai wanda ake kira kwatabak. Mu a ɗakin kwananmu na jami'a madugu muke ce masa, saboda aikinsa ya yi kama da na madugun fatake. Kafin kowane hari, 'yan wasa kan yi da'ira su haɗa kai, shi ne zai faɗa musu dabarar da za a bi. Shi ake fara miƙa wa ƙwallo, sannan cikin daƙiƙa biyu ko uku ya yanke shawara: ya jefa wa wani, ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa. Yana wannan tunani ne alhali ƙartai masu nauyin fiye da kilo 100 suna rugowa don su kayar da shi. Mutum biyar ne ke tsaye a gabansa suna tare su. Idan waɗannan biyar ba su yarda da shi ba, ko goman nan suka daina sauraronsa, to ƙarfin damtsensa bai amfane shi da komai ba. Shi ya sa in an yi nasara shi ake yabo, in an faɗi shi ake zagi. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma a wannan wasa madugu shi ne jujin.

An haifi Jalen Hurts a shekarar 1998 a birnin Houston na jihar Teksas. Mahaifinsa kocin ƙwallo ne a wata makarantar sakandare, kuma a hannunsa ya koyi wasa. A 2016 ya shiga Jami'ar Alabama, wadda ƙungiyarta ke cikin mafiya ƙarfi a gasar jami'o'in Amurka, ƙarƙashin wani koci mai tsauri da ake kira Nick Saban. Kada ku raina gasar jami'a a can, domin filin wasan Alabama kaɗai yana ɗaukar mutum kusan 100,000. Yana ɗan shekara 18, a shekararsa ta farko, aka damƙa masa ragamar ƙungiyar. Ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa, inda Jami'ar Clemson ta doke su da maki 35 da 31, ta ci su ne saura daƙiƙa ɗaya a tashi. Shekarar da ta biyo baya ya sake kai su wasan ƙarshe. A wasanni 28 da ya jagoranta cikin shekara biyun nan, sau biyu kacal aka ci su.

Wanda ke da irin wannan tarihi, ai sai ya ɗauka kujerarsa ta kafu. To ga abin da ya faru ranar 8 ga Janairun 2018 a birnin Atlanta. Alabama na karawa da Jami'ar Jojiya a wasan ƙarshe, kuma wasa ya ƙi Hurts. Sau takwas ya yi jifa, uku kawai suka isa hannun 'yan'uwansa. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13, Alabama ba ta da ko ɗaya. Da aka dawo, sai koci ya zaunar da shi a benci, ya sako wani ɗan shekarar farko mai suna Tua Tagovailoa. Yaron nan ya juya wasan. A ƙarin lokaci ya yi wata doguwar jifa, wani ɗan wasa mai suna DeVonta Smith ya cafe, Alabama ta ɗauki kofi da maki 26 da 23. Ku riƙe sunan DeVonta, za mu sake gamuwa da shi.

Mu dakata nan mu sa kanmu a matsayin Hurts. Shekararsa 19. Miliyoyin mutane na kallo a talabijin. Kofin da ya sha wahalar nema shekara biyu ya samu, amma ta hannun ƙanensa a makaranta, kuma kowa ya ga cewa sai da aka cire shi sannan abubuwa suka gyaru. Masu ɗaukar hoto sun yi ta juya na'urorinsu kansa, don su kama fushi ko ɓacin rai. Abin da suka samu shi ne Hurts yana tsaye a bakin fili, yana tarar Tua duk lokacin da ya fito, yana ƙarfafa masa gwiwa. Da aka tashi ya yi murna tare da kowa, kuma da 'yan jarida suka tare shi, yabon Tua ya yi.

Mun san yadda irin wannan ke ƙarewa a wurare da yawa, har da makarantunmu. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Malami ne ya sauya monita, amma sabon monitan ne za a daina gaisarwa. Hukumar makaranta ce ta zaɓi wata ta wakilci aji a gasar muhawara, amma wadda aka zaɓa ita za a ɗaura wa gaba har ƙarshen zango. Tua bai ƙwaci komai ba, kiransa aka yi ya amsa. Hurts ya gane haka tun yana tsaye cikin zafin abin, kuma a ganinmu daga wannan dare ne shugabancinsa na gaskiya ya fara.

Da sabuwar kaka ta zo a 2018, koci ya tabbatar da Tua a matsayin madugu. Jama'a da dama sun zaci Hurts zai tattara kayansa nan take, domin akwai jami'o'in da za su karɓe shi hannu bibbiyu. Ya zauna. Kada ku ɗauka zaman nan na wanda ba ya jin ciwo ne. Kafin a fara kakar ya fito fili ya shaida wa 'yan jarida cewa a duk tsawon watannin da ake ta surutu a kansa, masu horarwa ba su zauna da shi sun tambaye shi yadda yake ji ba. Ya faɗi abin da ke ransa, sannan ya koma bakin aiki. Wannan ya nuna mana cewa haƙuri bai hana mutum faɗin damuwarsa. Abin da ya hana shi ne a mayar da damuwar makami a rusa tafiyar kowa.

Wata uku ya yi yana shiga wasa sai an riga an yi nisa da ci, lokacin da 'yan kallo suka fara tafiya gida. A wannan lokaci ya duƙufa gyaran abin da ya jawo aka cire shi, wato jifa. Ya yarda cewa akwai gaskiya a hukuncin koci, ko da hukuncin ya yi ɗaci. Wannan ya fi murmushi a gaban na'urar ɗaukar hoto wuya, domin murmushin na dare ɗaya ne, atisaye kuwa kullum ne, kuma babu mai tafa maka.

Ranar 1 ga Disambar 2018 Alabama ta sake haɗuwa da Jojiya, a wasan ƙarshe na shiyyarsu, a birnin Atlanta, a filin nan dai da aka cire shi wata goma sha ɗaya da suka wuce. Ana cikin zangon ƙarshe na wasa, Jojiya na gaba da 28 da 21, sai Tua ya ji rauni a idon sawu. Aka waiwayo benci. Hurts ya shiga, ya yi jifar da ta farke, sannan saura kamar minti ɗaya ya ruga yadi 15 da kansa ya kai ƙwallo ƙarshen fili. Aka tashi 35 da 28.

Masu ba da labari sukan tsaya a nan, saboda ya yi daɗi kamar fim. Mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. Da Tua ya warke, shi aka mayar kan matsayinsa, Hurts ya koma benci ba tare da hayaniya ba. Kuma ku lura, da a ce ya shafe watannin nan yana fushi da zaman kashe wando, ranar da aka kira shi da kunya zai sha. Dama ba ta aiko da saƙo kafin ta zo, wanda ta tarar a shirye shi ke morar ta.

A watan Disambar nan ya kammala digirinsa na farko. Sai da ya gama karatu, ya gama kaka tare da 'yan'uwansa, sannan ya koma Jami'ar Oklahoma a 2019 don ya samu damar buga wasa. Wannan ma darasi ne. Barin wuri ba laifi ba ne idan lokaci ya yi, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya fita ta ƙofa ana yi masa addu'a da wanda ya tsallake katanga. Har gobe magoya bayan Alabama suna ɗaukarsa nasu. A Oklahoma ya zo na biyu a kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara.

Duk da haka, da manyan ƙungiyoyin gasar NFL suka zo zaɓen sababbin 'yan wasa a 2020, sai da aka ɗauki mutum 52 kafin a kai kansa. Madugai huɗu aka fifita a kansa, ciki har da Tua, wanda aka ɗauka na biyar. Ƙungiyar Eagles ta birnin Filadelfiya ce ta ɗauke shi, kuma magoya bayanta da yawa ba su yi murna ba, don suna da madugunsu Carson Wentz. Ya sake komawa benci. Kafin shekarar ta ƙare wasa ya lalace wa Wentz, aka sako Hurts. Wanda aka taɓa cirewa don wani, yau ga shi an cire wani dominsa. Duniya juyi-juyi ce.

Jarrabawa ta biyu ta zo masa ranar 12 ga Fabrairun 2023, a wasan ƙarshe na NFL da ake kira Super Bowl. Wasan kan fara ne wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare agogon Najeriya, don haka mu masu sha'awarsa a nan sai mun sayar da barci. Eagles ta kara da Chiefs ta Kansas, mai shahararren madugu Patrick Mahomes. Hurts ya yi wasan da ya fi kowane kyau a rayuwarsa zuwa lokacin. Sau uku yana kai ƙwallo ƙarshen fili da ƙafarsa. Amma kafin hutun rabin lokaci ƙwallo ta suɓuce daga hannunsa, wani ɗan Chiefs ya tsince ta ya ruga ya ci. Kuskuren ya jawo musu asarar maki bakwai, kuma da tazarar maki uku aka doke su, 38 da 35.

A daren nan akwai wuraren ɗora laifi da yawa. Filin yana da santsi, 'yan wasa sun yi ta zamewa. Alƙalin wasa ya busa wani laifi dab da tashi wanda magoya baya suka daɗe suna gardama a kansa. Hurts bai fake da ko ɗaya ba. Ya amsa cewa ƙwallon da ta suɓuce masa ta cutar da su, ya kuma ce a irin wannan hali ko dai mutum ya yi nasara ko ya koyi darasi. Daga baya aka gano ya sa hoton kansa yana fita daga filin a fuskar wayarsa, yankakkun takardu masu launin Chiefs na zubo masa a ka. Kowa na son ya sa hoton ranar farin ciki, shi ya zaɓi ya riƙa kallon ranar da ya faɗi.

Me ya sa ɗaukar laifi ke ƙara wa shugaba daraja? Ku tuna da mutum biyar ɗin nan da ke tare masa ƙartai. Duk wasa suna shan duka dominsa, kuma ba kasafai ake ambaton sunansu ba sai sun yi kuskure. Idan suka ga madugu na nuna su da yatsa a gaban 'yan jarida, gobe da wace zuciya za su kare shi? Amma idan suka ga ya ɗauki nasa ya rufa musu asiri, sai su ji nauyinsa. Haka abin yake ga shugaban ɗalibai da firifet-firifet ɗinsa, haka yake ga wadda aka ba jagorancin rukuni a aikin aji. Muƙami zai sa a yi maka biyayya lokacin da malami ke kallo. Abin da za a yi maka bayan malami ya juya baya kuwa, halinka ne ke sayo shi.

Kada mu mayar da shi waliyyi. A kakar 2023, bayan ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 255 na shekara biyar, Eagles ta ci wasa goma cikin goma sha ɗaya na farko, sannan ta rushe. An doke ta sau biyar a wasanni shida na ƙarshe, aka kuma fitar da ita a zagayen farko na wasannin kifa-ɗaya-ƙwala. Masu sharhi suka ce shirunsa ya yi yawa, ba ya buɗe ransa ga 'yan'uwansa, kuma fuskar nan tasa da ba ta sauyawa, wadda a da ake yabo, yanzu ta zama abin suka. Mun ga akwai abin dubawa a maganarsu. Natsuwa abu ne mai kyau, amma mabiya na buƙatar jin muryar madugu idan hanya ta ɓace. Shugabanci ba jarrabawar da ake ci sau ɗaya a karɓi takarda ba ne, kowace shekara da tambayoyinta.

Tambayar 2024 ta zo da wata siga. Ƙungiyar ta ɗauko wani gwanin gudu mai suna Saquon Barkley, wanda ya yi gudun fiye da yadi 2,000 a kakar, abin da 'yan wasa ƙalilan suka taɓa yi a tarihin gasar. Hakan na nufin Hurts zai rage jifa, ya riƙa miƙa ƙwallo ga wani, jaridu kuma su koma kan wani. Ga madugun da ake biya maƙudan kuɗi, wannan ma wani irin benci ne. Ya karɓa, domin ya taɓa koyon cewa hasken wani ba ya rage masa komai matuƙar ayari na tafiya.

Akwai wata dabara da Eagles ta yi suna a kanta, wadda muke gani kamar hoton rayuwarsa. Idan saura yadi ɗaya ake nema, sai Hurts ya rungume ƙwallo ya sunkuya, na gabansa su buɗe hanya, na bayansa su dafa shi su tura. Da wuya a tare su. Madugu ne ke riƙe da ƙwallo, sunansa za a rubuta, amma ƙarfin mutum goma ne ya kai shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar 9 ga Fabrairun 2025, a birnin New Orleans, Eagles ta sake haɗuwa da Chiefs a Super Bowl. Wannan karon ta lallasa ta da maki 40 da 22, aka zaɓi Hurts gwarzon wasan. Cikin jife-jifen da ya yi akwai wata doguwa ta yadi 46 da ta kashe wasan. Wanda ya cafe ta shi ne DeVonta Smith, yaron nan da ya cafe jifar Tua a daren da aka zaunar da Hurts shekara bakwai baya. DeVonta yana wurin a wancan dare, ya ga yadda mutumin ya ɗauki abin da ya same shi. Da aka ba Hurts damar magana bayan wasa, masu tsaron bayansu ya yaba, waɗanda suka kayar da Mahomes har sau shida. Bayan wannan duka, ku sani bai saki karatu ba, domin a 2023 ya kammala digiri na biyu a Oklahoma.

Ƙannenmu, ba kowa ne ya yi haƙuri zai ɗaga kofi ba, kuma ba za mu yi muku wannan alƙawari ba. Akwai waɗanda suka zauna a benci da zuciya ɗaya har suka gama ba a kira su ba. Amma ko da Tua bai ji rauni ba, ko da Hurts bai taɓa cin Super Bowl ba, abin da ya yi a bakin fili yana ɗan shekara 19 daidai ne, kuma waɗanda ke tare da shi sun gani sun adana. Mu da muka bar sakandare ba da jimawa ba muna iya shaida muku cewa an fara manta wanda ya riƙe wane muƙami a ajinmu, amma ba a manta wanda ya kyautata ba, ba a kuma manta wanda ya yi hassada ba.

Saboda haka, idan aka karanta sunayen sababbin shugabannin ɗalibai babu naka, ko malamin wasanni ya ba wani kyaftin alhali ke ko kai kuka fi daɗewa, ku je ku yi wa wanda aka ba murna tun a ranar, kafin zuciya ta yi muku huɗuba. Idan kuna da ƙorafi, ku kai shi ga wanda ya yanke hukuncin, cikin ladabi. Ku tambayi abin da ya rage muku, ku gyara shi. Idan kuwa ku aka ba, ku tuna akwai wani a benci da ke jin ciwo, ku jawo shi kusa.

Allah Ya ba mu zuciyar da za ta iya ɗaukar samu da rashi, Ya ba ku sa'ar jarrabawa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.